Suna Ɗaya, Masauki Uku: Yadda Ake Kafa Reshen Suna Ba Tare Da An Durƙusar Da Shafin Makaranta Ba

  

A makonnin baya mun koyi yadda ake gina ɗan ƙaramin shafi da HTML. Yau za mu taɓo wurin da masu koyo suka fi yin tuntuɓe, wato haɗa shafin da suna. A ƙaddara makarantarku tana da shafinta a wani kamfani. Ku kuma 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta kun gina mujallarku a wani wuri daban, kuna so ta ɗauki sunan makaranta. Yaya za a yi?

Amsar ba ta da tsawo: layi ɗaya za a ƙara a rajistar sunan makarantar. Amma wanda bai gane tsarin ba yakan tsallake wannan layin ya je ya sauya abin da ake kira nemsaba. Kafin gari ya waye shafin makaranta ya mutu, imel ɗin shugaban makaranta ya daina shiga, iyaye kuma sun kasa duba sakamakon 'ya'yansu. Bambancin waɗannan ayyuka biyu shi ne darasinmu na yau.

Suna daban, gida daban

Abu uku ne ke tsayar da kowane shafi a intanet, kuma ba dole ba ne su kasance a hannun kamfani ɗaya.

Na farko suna, wanda masu harkar ke kira domen, kamar wikipedia.org ko jamb.gov.ng. Ana yi masa rajista ne a wurin dillalin suna, irin su Namecheap da GoDaddy. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ita ce ke ba dillalai izinin sayar da su. An keɓe sch.ng don makarantun firamare da sakandare, edu.ng don manyan makarantu, gov.ng don hukumomin gwamnati. Maƙwabtanmu ma kowa da nasa: Nijar tana da .ne, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td.

Na biyu masauki. Wannan kamfani ne da ke ba da hayar wuri a kan babbar kwamfuta wadda ba a kashewa dare da rana, wato uwar garke. A nan hotuna da rubuce-rubucen shafi suke zaune. Kowace uwar garke tana da lamba, ana kiran ta lambar IP, mai kama da 203.0.113.10.

Na uku shi ne nemsaba, mai riƙe rajista. Aikinta ɗaya ne: idan an tambaye ta "ina wannan suna yake zaune?", sai ta ba da lambar. Yawancin mutane ba su san da ita ba, saboda idan ka sayi suna da masauki a kamfani ɗaya sukan haɗa maka komai ba tare da ka gani ba. Sai ranar da kake son raba abubuwanka tsakanin kamfanoni biyu ko uku za ka san akwai ta.

Daga fada zuwa mai unguwa

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. A farkon zamanin intanet, sunayen dukkan kwamfutocin da ke haɗe suna cikin fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiyar bincike a jihar Kalifoniya ta Amurka ke kula da shi. Kowa yana kwafar sa daga can. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, wanda ya raba rajistar gida-gida, kowa ya riƙe tasa. Shi muke amfani da shi har gobe.

Tsarin ya yi kama da yadda baƙo ke neman gida a masarauta. Fada ba ta san gidan kowa ba, amma ta san hakimin kowace gunduma. Hakimi ya san dagaci, dagaci ya san mai unguwa, mai unguwa kuwa shi ne zai nuna ƙofar gidan. Matambayi dai ba ya ɓata.

Haka abin yake idan ka rubuta ha.wikipedia.org a burauza. Wayarka takan tura tambayar ga wani ɗan aike, yawanci na kamfanin layin da kake amfani da shi, ko na jama'a kamar 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare. Ɗan aiken zai fara da tushe, wato fada. Tushen yana da sunaye 13, daga harafin A zuwa M, ko da yake kwamfutocin da ke amsawa da waɗannan sunaye sun haura dubu a faɗin duniya. Tushe zai ce: je ka wurin masu kula da .org. Su kuma su ce: nemsabar wikipedia.org ga ta can. Ita ce za ta ba da lambar ƙarshe. Duk wannan zirga-zirga kan ƙare kafin ƙiftawar ido.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Ana karanta suna ne daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karanta allo. Na dama shi ne babba, kowane ɗigo kuma mataki ne zuwa ƙasa.

Mene ne reshen suna?

Duk kalmar da ka ƙara a hagun sunanka, ka raba su da ɗigo, ta zama reshe. Masu harkar suna kiran sa sabdomen. Kun daɗe kuna amfani da rassa ba ku sani ba. Wikipedia ta Hausa tana ha.wikipedia.org, ta Turanci tana en.wikipedia.org. Akwai mail.google.com da docs.google.com. Masu duba sakamakon NECO sun san results.neco.gov.ng, masu neman shiga jami'a sun san efacility.jamb.gov.ng. Har www ɗin da muka saba gani reshe ne kamar sauran, al'ada ce kawai ta sa ya yi fice.

Reshe yana da amfani biyu. Na farko, ba a biyan dillali ko kwabo a kansa. Wanda ya mallaki suna yana da ikon fitar da rassa yadda yake so. Iyakar dokar ita ce kowane yanki tsakanin ɗigo biyu kada ya wuce haruffa 63, dukkan sunan kuma kada ya wuce 253. Na biyu, kowane reshe yana iya zama a masauki daban, ko da a wata nahiya ce. Suna ɗaya, gidaje da yawa.

Layukan da ke cikin rajista

Idan aka buɗe sashen DNS a kamfanin da ke riƙe rajista, za a ga jerin layuka. Guda shida ne suka fi muhimmanci.

Layin A yana haɗa suna da lambar IP irin ta da, mai yanki huɗu. Layin AAAA yana yin aiki iri ɗaya amma da sabuwar lamba mai tsawo ta IPv6. Layin CNAME yana cewa "wannan suna laƙabi ne, je ka nemi wancan sunan". Layin MX yana faɗin inda za a kai wasiƙun imel. Layin TXT rubutu ne da kamfanoni ke sa a ajiye don tabbatar da mai suna, ko don hana a yi sojan gona da imel ɗinsa. Layin NS kuma yana faɗin wace nemsaba ce ke da ikon magana a kan suna.

Alamar @ da za ku gani a wasu layukan tana nufin uwar sunan ita kaɗai, ba tare da reshe ba.

Mu gwada da misali

Mu ƙaddara sunan makaranta makarantarmu.sch.ng ne. Babban shafi yana kamfanin masauki na farko, kuma nemsabar wannan kamfanin ce ke riƙe rajista. Wurin duba sakamako yana kamfani na biyu, a lamba 198.51.100.7. Ku kuma kun ɗora mujallarku a GitHub Pages, inda ake ba da masauki kyauta ga shafuka marasa nauyi. Lambobin da nake bayarwa a nan an keɓe su ne don misali, ba na kowa ba ne.

Mataki na farko, a gano wa ke riƙe rajista. Kada a yi zato. A kwamfuta mai Windows, a buɗe baƙar tagar umarni ta hanyar rubuta cmd, sannan a rubuta nslookup -type=NS makarantarmu.sch.ng. Sunayen da suka fito su ne za su nuna kamfanin. Idan ka ga registrar-servers.com to Namecheap ne, domaincontrol.com na GoDaddy ne, ns.cloudflare.com kuma na Cloudflare. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yin wannan bincike a waya ta shafukan dnschecker.org ko whatsmydns.net.

Mataki na biyu, a sanar da sabon masauki. A GitHub, a shiga sashen Pages na ma'ajiyar mujallar, a rubuta mujalla.makarantarmu.sch.ng a gurbin da aka tanada don sunan mutum na kansa. Wannan mataki wajibi ne, domin uwar garke ɗaya tana iya ɗauke da dubban shafuka a kan lamba ɗaya. Idan baƙo ya iso ƙofa ya ambaci sunan da ba a sanar da ita ba, ba ta san ɗakin da za ta kai shi ba.

Mataki na uku, a koma kamfanin da ke riƙe rajista a ƙara layi. Iri: CNAME. Suna: mujalla. Inda zai nufa: sunan asusunku na GitHub sai .github.io a ƙarshe. Da a Blogger kuka gina mujallar, layin zai nufi ghs.google.com ne, kuma za su ba ku wani CNAME na biyu na tabbatarwa. Shi kuwa wurin duba sakamako, tunda lamba aka ba da, layin A ne: suna sakamako, lamba 198.51.100.7.

Mataki na huɗu, a jira kaɗan, sannan a kunna https. Kowane reshe yana buƙatar takardar shaidar tsaro da ta ambaci sunansa, ko wadda ta game dukkan rassa. GitHub Pages da masaukai da yawa suna karɓo ta kyauta daga Let's Encrypt da zarar layin ya fara aiki.

Shi ke nan. Ba a taɓa nemsaba ba, ba a taɓa babban shafi ba, ba a taɓa imel ba. Kuma tunda rajistar ta makaranta ce, malamin kwamfuta ko wanda hukumar makaranta ta ɗora wa alhakin shi zai ƙara layin. Naku shi ne ku kai masa bayanin a rubuce: iri, suna, da inda zai nufa. Ba ku buƙatar kalmar sirrin makaranta, kada ma ku nema.

Ramuka huɗu da ake faɗawa

Na ɗaya, rubuta layi a rajistar da ba kowa ke karantawa ba. Kusan kowane kamfanin masauki yana da nasa sashen DNS, kuma zai bar ka ka rubuta abin da kake so a ciki. Amma idan layin NS bai nuna wannan kamfanin ba, kamar ka rubuta sunanka ne a littafin mai unguwar da ba taku ba. Mutum zai ƙirƙiri reshe a cPanel na sabon masauki, ya ga saƙon nasara, ya kwana uku yana jira a banza.

Na biyu, ninka suna. Wasu kamfanoni suna son ka rubuta mujalla kawai, su ƙarasa sauran da kansu. Idan ka rubuta cikakken suna, sai a wayi gari da mujalla.makarantarmu.sch.ng.makarantarmu.sch.ng. Wasu kuma suna son cikakken suna da ɗigo a ƙarshensa. Ku dubi yadda aka rubuta tsofaffin layukan ku bi sahu.

Na uku, sa CNAME inda bai dace ba. Dokar DNS ta ce sunan da ke da CNAME ba ya ɗaukar wani layi tare da shi. Uwar suna kuwa dole tana da layukan NS, sau da yawa da MX. Saboda haka CNAME na rassa ne, ba na @ ba. Kuma suna yake nufa, ba lamba ba, ba a kuma sa masa https a gaba.

Na huɗu, haɗa nemsabar kamfanoni biyu. Wani zai ga gurabe huɗu a wurin dillali, sai ya sa biyu na kamfani na farko, biyu na na biyu, yana ganin ya raba gardama. Ai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ɗan aike yana iya tambayar kowace daga cikinsu, kuma tunda rajistocin ba iri ɗaya ba ne, shafi zai buɗe wa wannan ya ƙi buɗe wa wancan. Irin wannan matsala ta fi wuyar ganowa, don mai gyara yana iya ganin komai lafiya a wayarsa.

Miƙa reshe ga wata nemsaba

Akwai lokacin da layi ɗaya ba ya isa. A ce ɗakin kwamfuta na makaranta yana son kula da lab.makarantarmu.sch.ng, yana fitar da ƙananan rassa don ayyukan ɗalibai kowane zango, ba tare da damun mai riƙe babbar rajista ba. A nan ana miƙa reshen gaba ɗaya, kamar dagaci ya naɗa mai unguwa ga sabuwar unguwa.

Ga yadda ake yi. A sabon kamfani ana buɗe rajista ta musamman da sunan reshen, su ba da sunayen nemsabarsu. Sai a koma babbar rajista a ƙara layukan NS masu suna lab, kowanne yana nufar ɗaya daga cikin waɗancan sunaye. Aƙalla biyu ake sawa, domin idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta amsa. Daga wannan lokaci, duk tambayar da ta shafi lab da abin da ke ƙarƙashinsa can za a tura ta. Layin A da aka bari a babbar rajista da wannan sunan ba zai ƙara yin tasiri ba.

Ku kiyaye abu biyu. Ba kowane kamfani ne ke yarda a buɗe rajista don reshe kaɗai ba, sai a bincika tun kafin a biya kuɗi. Sannan a gane cewa layin NS na reshe a cikin rajista ake rubuta shi, shi kuwa na uwar suna a wurin dillali ake sauya shi. Wurare biyu ne daban, kuma rikita su ne ke jawo ɓarnar da na ambata tun farko.

Ga wani abin sha'awa. Nemsabar google.com sunanta ns1.google.com. To yaya za a sami lambarta, alhali ita ce za a tambaya lambar duk abin da ke ƙarƙashin google.com? Maganin shi ne masu kula da .com suna ajiye lambar tare da sunan, su miƙa wa ɗan aike duka biyun. Ana kiran wannan layin manni. Duk mai son kafa nemsaba da sunansa sai ya yi rajistar lambarta a wurin dillali.

Idan dole sai an sauya nemsaba

Wani lokaci akwai dalili na gaskiya, kamar barin tsohon kamfani gaba ɗaya, ko komawa Cloudflare don tsaro da sauri. Abin da za a riƙe shi ne sauya nemsaba ba ya kwashe layuka ya kai su sabon wuri. Sabuwar rajista takan zo ne fayau, ko da 'yan layukan da sabon kamfani ya zuba da kansa. Duk layin da ba a kwafa ba ya ɓace daga idon duniya.

Don haka a fara da rubuta kowane layi na tsohuwar rajista, ko a ɗauki hotonsa. A shigar da su ɗaya bayan ɗaya a sabuwar, a ba MX da TXT kulawa ta musamman, don su ake yawan mantawa. Shafin da ya mutu kowa zai gani nan da nan, amma imel yana iya kwana biyu ba ya shiga ba wanda ya farga, alhali saƙon hukumar jarrabawa yana ciki. Cloudflare takan yi ƙoƙarin gano layukan da kanta, amma takan tsallake wasu, saboda haka a gwada jerinta da naku. Idan an kunna tsaron DNSSEC, a kashe shi a wurin dillali kafin a sauya, a mayar bayan komai ya daidaita. Sai an gama duk wannan ake sauya sunayen a wurin dillali. Tsohon kamfani kuma kada a rufe asusunsa sai bayan kwana biyu ko uku.

Kuma a zaɓi lokaci. Makon fitar da sakamako ko na rajistar sababbin ɗalibai ba lokacin wannan aiki ba ne. A bari sai hutu.

Me ya sa ba ya aiki nan take?

Kowane layi yana ɗauke da wata lamba mai suna TTL, wato tsawon daƙiƙoƙin da aka yarda ɗan aike ya riƙe amsa a kansa kafin ya sake tambaya. Idan an sa 300, minti biyar ke nan. 3600 awa ɗaya ce, 86400 kuma kwana guda. Layukan NS na sunayen .com suna ɗauke da 172800, wato awa 48, kuma daga nan aka samo maganar "a jira kwana biyu" da kamfanoni ke yawan faɗa.

Wannan ne ya sa abokinka da ke kan wani layin waya zai ga sabon shafi kai kana ganin tsoho. Ɗan aikensa ya sake tambaya, naka bai kai lokaci ba. Dabarar masu aikin ita ce su rage TTL zuwa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin sauyi, su mayar da shi bayan komai ya zauna. Kuma kada a yi ta gwada sabon reshe kafin a ƙirƙire shi, domin ɗan aike yakan riƙe amsar "babu wannan suna" ita ma na ɗan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ke ganin nemsaba ƙaramin abu ce, ya tuna ranar 4 ga Oktoba, 2021. A ranar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kimanin awa shida, daga bayan la'asar a agogon Najeriya har cikin dare. Kuskure ne aka yi yayin gyara a hanyoyin sadarwar kamfanin, ya sa duniya ta kasa isa ga nemsabarsu. Hotuna da saƙonni suna nan ba abin da ya same su, amma babu mai nuna hanya. Haka a ranar 21 ga Oktoba, 2016, harin da aka kai wa kamfanin Dyn, mai riƙe wa manyan kamfanoni rajista, ya hana mutane da yawa a Amurka da Turai shiga Twitter da Netflix.

Rufe ƙofa idan an tashi

Shekara tana zagayowa, 'yan aji shida su gama su tafi, a goge mujallar daga masaukinta, amma layin CNAME yana nan yana nuni ga ɗakin da ba kowa. A wasu masaukai wani baƙo na iya zuwa ya karɓi wannan ɗakin, ya ɗora abin da ya ga dama. Sai a ga shafin damfara ko na batsa yana buɗewa da sunan makarantarku, iyaye kuma su yarda da shi saboda sunan na gaskiya ne. Wannan ne ma ya sa GitHub ke ba da shawarar a fara sanar da su sunan kafin a rubuta layin. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ranar da aka rufe shafi, ranar ake goge layinsa.

Ya kamata kowace ƙungiya ta ajiye ɗan littafi da ke nuna rassan da aka buɗe, inda kowanne yake zaune, da wanda ke kula da shi, a miƙa wa sababbin shugabanni tare da sauran kayan ƙungiya. Asusun masauki kuma a buɗe shi da imel ɗin ƙungiya, ba na ɗalibi ɗaya ba.

Wannan nasiha ta shafi ku da za ku fara yi wa masu shaguna da makarantu shafuka don samun na kashewa. Ku yi rajistar suna da sunan mai shi da imel ɗinsa, ba naku ba. Suna haya ce ta shekara-shekara, idan ba a sabunta ba wani na iya ɗauka, kuma dukkan rassa da imel su tafi tare da shi. Masauki ana iya sauya shi a yini ɗaya. Sunan da jama'a suka haddace kuwa, idan ya kuɓuce, dawo da shi sai an sha wuya. Riƙon amana a wannan wuri shi zai sa a sake neman ku gobe.

Aikin gida

A wannan makon ku gwada abu uku, babu wanda zai taɓa shafin kowa. Ku nemo nemsabar wikipedia.org, ku ƙirga guda nawa ne. Ku binciki ha.wikipedia.org ku ga ko layin A ne ko CNAME, idan CNAME ne ina ya nufa. Sannan ku binciki sunan makarantarku ko na wata jami'a da kuke son shiga: wa ke riƙe rajistarta, kuma ina layin MX ɗinta ya nufa? Za ku ga sau da yawa shafi yana wuri ɗaya, imel yana wani wuri.

Ku rubuta abin da kuka samu ku aiko wa wannan fili, tare da sunan makarantarku da ajinku. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba amsoshin, sannan mu shiga bayanin yadda ake kafa imel mai ɗauke da sunan ƙungiya. Na bar ku lafiya, a ci gaba da dagewa da karatu.